Tsuntsun Da Ba Ya Hawa Bishiya

A Kongolam yau, in ka ce wa yaro ɗan shekara goma sha biyar “tuje”, gwiwarsa zai duba, ya ɗauka kana maganar inda ya faɗi a filin ƙwallo fata ta saluɓe. Bai san akwai wani tujen mai fukafukai ba, wanda tsayinsa ya kai ƙugun babban mutum, wanda kakanninsa suka sha gani yana takawa cikin saura tsakanin garinmu da Ɗan Barto. Ban ga laifin yaron ba. Ni kaina da na ba wa arba’in baya, sau ɗaya tak na taɓa ganin tuje da idona.

Garinmu garin kan iyaka ne, a ƙaramar hukumar Mai’aduwa, cikin masarautar Daura. Kwaltar da ta taso daga Daura ta nan take bi ta tsallaka Nijar, ta wuce Matamaye har Damagaram. Mun saba da ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita: buhun shinkafa, jarkar fetur, raƙuma da shanun da ake korowa kasuwar Mai’aduwa ranar Lahadi. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, kowa ya ji a jikinsa. Da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har mai sayar da ƙosai ta san ranar da ciniki ya tsaya. Amma akwai abin da ya fita daga ƙasar nan tamu bai dawo ba, ba a kuwa rubuta shi a littafin kwastan ko na jami’an shige da fice ba. Ba wanda zai iya gaya maka shekarar da tuje na ƙarshe ya tashi daga gonakinmu.

Abin da ya tono mini zancen waya ce. Wani ɗan yayana ya samu bidiyon wani ƙaton tsuntsu da aka ɗauko a ƙasar Botswana, ya kai wa Baffanmu, yayan mahaifina, wanda a lokacin tsufa ya riga ya zaunar da shi a zaure. Da wasan jika da kaka ya miƙa masa, yana cewa, “Tsoho, kai da kake cika baki da farauta, ka taɓa ganin irin wannan?” Baffa ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Tsuntsun ya hura wuyansa ya zama kamar farin tulu, ya ɗaga wutsiya har ta kusa taɓa ƙeyarsa, yana wani gurnani mai kama da tambari daga nesa. Sai Baffa ya ce, “Wannan ai tuje ne. Sai dai ya fi namu cika ido. Ina suka samo shi?”

Sunan wancan tsuntsun kori. Daga harshen Setswana na mutanen Botswana sunan ya fito, su suna ce masa kgori. Ba ya zama a Afirka ta Yamma. Mazauninsa biyu ne: gabashin Afirka, wato Habasha da Kenya da Tanzaniya, da kuma kudanci, wato Botswana da Namibiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu. A duk tsuntsayen Afirka masu iya tashi sama, babu wanda ya kai shi nauyi. Ƙosasshen namiji kan kai kilo 18, kusan nauyin jarka mai lita ashirin cike da ruwa, in ya buɗe fukafukai kuma faɗinsu ya haura mita biyu. Macen ba ta kan wuce rabin nauyinsa ba. Saboda wannan nauyi, tashi wahala ne a gare shi. Ya fi son ya yi ta tafiya a ƙasa a hankali, kai a sama, yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan ɓeraye da ’ya’yan itace. Yana son ƙaro ƙwarai, har Turawan Afirka ta Kudu masu harshen Afirkans suka sa masa sunan da ke nufin ɗawisun ƙaro. Wani abin mamaki kuma, yawancin tsuntsaye in za su sha ruwa sai sun ɗiba sun ɗaga kai kamar kaza, shi kuwa zuƙa yake yi kamar tattabara.

Baffa bai yi kuskure ba da ya kira shi tuje. Masana halittu sun sa kori a gida ɗaya da babban tujen Sahel, wanda ake samu tun daga Senegal da Muritaniya, ya bi ta Nijar da yankin Tafkin Chadi har Bahar Maliya da Yaman. Shi namijinsa kan kai wajen kilo goma. Akwai kuma wani tujen da Turawa suka laƙaba wa sunan Dixon Denham, Baturen Ingilan da ya iso Borno a 1823 tare da Hugh Clapperton. Wannan yakan biyo damina ya hauro arewa, in ciyawa ta bushe ya koma kudu. Sai ƙaramarsu, kadafkara, wadda har yanzu wasu manoma kan ji kukanta da sassafe a inda daji ya ɗan saura. Duk dangin nan hali ɗaya gare su: tsoro, son fili, da ƙin hayaniya.

A bakin Baffa na san yadda ake farautarsa a da. Ya ce tuje ba ya yarda mutum a tsaye ya matso shi, tun daga nesa zai hango ka, ya juya baya ya yi ta takawa, yana sa gindin sabara ko kalgo tsakaninka da shi har ya ɓace. Saboda haka maharba kan ɗaura kan burtu a goshi, wanda aka sassaƙa da itace aka rufe da fata, su yafa baƙin zane, su durƙusa suna rarrafe suna kaɗa kai kamar burtu na kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. A haka maharbi zai shafe rabin yini yana jan ciki cikin ƙarangiya kafin ya kai inda kibiya ko bindigar toka za ta isa. Ya ce sau da yawa haka za ka dawo hannu rabbana, gwiwa duk ƙaya. Wanda ya samu tuje ɗaya a shekara ya yi abin faɗa, kuma ba ya ci shi kaɗai, sai an kai wa mai gari cinya, an raba wa maƙwabta.

Akwai doka kuma, ko da yake ba a rubuce take ba. Baffa ya ce da ruwa ya sauka ake rataye kwari da baka. Wani ɓangare na dalilin shi ne noma ya ɗauke hankalin kowa, amma manyan maharba sun san cewa lokacin ne dabba ke ɗauke da ciki, tsuntsu ke kwance kan ƙwai. Na tambaye shi ko ya taɓa samun sheƙar tuje. Ya yi dariya ya ce, “Ɗan nan, tuje ba ya sheƙa. Ƙasa take ɗan tonawa ta zuba ƙwai biyu a gindin gamba, shi ke nan. In ka taka kusa sai ta kwanta ta miƙe wuya, ka rantse tudun ƙasa ne.” Daga baya na ga abin da masana suka rubuta ya zo daidai da nasa. Ƙwai ɗaya ko biyu take yi, ta kwanta a kansu sama da mako uku, ita kaɗai, domin namijin da ya gama hura wuya da rawarsa ba ya sake waiwayarta. ’Ya’yan kuma sai sun yi makonni suna bin ta a ƙasa kafin fukafukansu su ɗauke su.

Ganin da na yi masa ina ɗan firamare ne. Damina ta yi tsakiya, an gama noman farko, Baffa ya tafi da ni duba wani fili na kakanmu da ke arewa da gari, wanda muke kira Fako saboda taurin ƙasarsa. Muna cikin tafiya sai ya dafa kafaɗata ya danne ni ƙasa. Can gaba, tsakanin geza da gamba, na ga wani dogon wuya mai ruwan toka yana tafiya kamar ba shi da gangar jiki. Ya tsaya, ya dube mu da ido ɗaya. Da ya ga ba mu da niyyar tafiya, sai ya ɗan ruga, ya buɗe fukafukai, na ji ƙararsu kamar ana kakkaɓe tabarma. Ya tashi da ƙyar, ƙasa-ƙasa, ya nufi arewa, ya tsallaka iyakar da Ingila da Faransa suka kafa wa turaku tsakanin 1906 da 1908. Baffa ya kai ni inda ya tsaya, ya nuna mini sawunsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yatsu uku ne, duk suna duban gaba, babu na baya. Ya ce, “Ka gani? Ba shi da abin kama reshe. Allah bai yi shi don bishiya ba. In ƙasa ta ƙi shi, ba shi da wurin zuwa.”

Wannan maganar ita ce ta fi zauna mini, domin ita ce ta bayyana mini abin da ya faru. Mutane da yawa in an tambaye su abin da ya kawar da namun daji, sai su ce farauta. Gaskiya ne farauta ta yi nata ɓarnar, musamman da bindigar zamani da babur da fitila suka shigo, aka daina bambanta rani da damina. A can arewacin Nijar kuma, tun wajen shekarun 1980 manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa kan zo da shahuna da motocin ratsa rairayi suna farautar tuje da barewa, irin farautar da a mako guda take kwashe abin da maharban ƙauye ba za su kashe a shekaru ba. Amma a ƙasarmu ta Daura, abin da ya fi korar tuje shi ne garma.

A zamanin kakanmu, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekara uku, huɗu, har fiye. Ita ce saura. Ciyawa ta fito, sabara ta tofo, fara ta yi yawa, shanun Fulani su bi ta kai su bar taki. Tsakanin gari da gari akwai daji, akwai makiyaya, akwai burtali mai faɗi da mashaya. A irin wuraren nan ne tsuntsu zai iya ajiye ƙwai a ƙasa ya yi mako uku ba wanda ya taka shi. Sai farin 1973 da na 1984 suka zo suka kashe ciyawa da dabbobi. Mutane kuma suka ƙaru. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3 da dubu 750, ta 2006 ta ba ta miliyan 5 da dubu 800. Gonar da mutum ɗaya ya noma, ’ya’ya takwas suka raba, jikoki suka sake rabawa. Wa zai bar gona ta huta alhali tukunya na jira? Takin zamani ya maye gurbin hutu, garmar shanu ta sa mutum ɗaya na iya huɗe abin da a da sai an yi gayya, maganin feshi ya ƙone ciyawa ya kashe farar da tuje ke ci. Yau in ka hau tudu da damina ka duba, daga bakin gari har inda idonka ya tsaya gero ne da wake da gyaɗa, kunya na bin kunya.

Ba na zargin manomi, ni ma ɗan manomi ne, da geron gonakin nan aka biya mini kuɗin makaranta. Kuma ba duk labarin ne na asara ba. Duk wanda ya bi hanyar Matamaye da Magarya ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututture ya tofo, suna sassabe suna zaɓar reshen da za su raina, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. A ɓangarenmu ma Katsina na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin nan na kafa shingen itatuwa don tare hamada. Wannan alheri ne babba. Kurciya ta samu wurin sauka, hankaka da shirwa sun samu, buwa ta samu sauƙin itacen girki da abincin awaki. Amma tuje yatsu uku gare shi. Ko an dasa bishiya miliyan dubu, in ƙarƙashinta huɗa ce, ba ta amfane shi da komai ba. Abin da yake bukata shi ne abin da ya fi komai tsada a ƙasar Hausa yanzu: filin da aka ƙyale.

Ba shi kaɗai ke bukatar wannan filin ba. Bafulatanin da ya taso da shanunsa daga arewa ya tarar an shuke burtali, shi ma abin da ya rasa ke nan. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma da yawansu gonaki da gidaje sun cinye su kaɗan-kaɗan. Shanu ba sa tashi sama, saboda haka in hanya ta toshe sai su faɗa gonar wani, daga nan sai sanda, sai kotu, wani lokaci sai jini. Tuje ba ya kai ƙara gun hakimi, ficewa kawai ya yi. Da mun lura, tafiyarsa gargaɗi ce da ta riga rigingimun da muke gani yau da shekaru masu yawa. Matan da ke tafiya nesa neman gamba ta zana da shuci na jinka, da masu magani da ke cewa saiwar kaza ta yi wuya, duk abu ɗaya suke nema da shi.

Wasu ƙasashen sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A Ingila an harbe babban tujensu na ƙarshe a 1832. Sai a 2004 suka fara ɗauko ’yan tsaki daga Rasha suna saki a filin Salisbury, wurin da ciyawa ta tsira saboda sojoji sun killace shi don atisaye. Shekara 172 ƙasar ta yi babu shi. A Indiya, ɗan’uwan kori da ke can bai kai 200 ba a daji. Abin da ke ƙarasa shi wayoyin lantarki ne, domin idanunsa a gefe suke, ba ya hango waya a gabansa da wuri, nauyinsa kuma ba ya barinsa ya kauce. Har Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a 2021 a binne wayoyi a ƙasa a yankunan da ya rage. Shi kansa kori, duk da faɗin dazuzzukan kudancin Afirka, ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari, haka ma babban tujen Sahel. A Botswana, al’adar gargajiya ta keɓe namansa ga sarki, ba kowa ke taɓa shi ba, kuma a 2014 suka ɗauke shi a matsayin tsuntsun ƙasa. A Nijar, inda ya fi samun sauƙi shi ne wuraren da aka killace, irin gandun dajin Gadabeji a arewacin Dakwaro, wanda aka kafa a 1955, da na Tarmit da Tin Tumma, wanda a lokacin da aka kafa shi a 2012 faɗinsa ya ninka Jihar Katsina kusan sau huɗu.

Mu ba mu da irin wannan faɗin, kuma ba na mafarkin za a tashi ƙauyuka don tsuntsu. Amma muna da kalma tun kafin zuwan Turawa: hurumi. Kowane gari yana da filin da ba a nomawa, ba a sayarwa, na kowa da kowa, mai gari ne ke tsaronsa. Malamanmu sun san asalinsa a fiƙihu, sun san an keɓe irin wannan fili a kusa da Madina tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don dabbobi su yi kiwo. Ba baƙon tunani ba ne da sai an kawo mana daga waje.

Yanzu maganar ta zo har cikin gidanmu. Baffa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma da rasuwarsa gandun kakanmu ya zo rabo. Gonakin ba su da gardama, malamai sun yi lissafi kowa ya san kasonsa. Fako ne ya rage. Shekara da shekaru ba wanda ya damu da shi saboda garma ba ta kama shi sosai, shi ya sa har yau akwai gamba da geza da ’yan fakaru a ciki, kuma makiyaya kan yada zango a gefensa da kaka. Amma gari ya matso. Wani ɗan kasuwa ya aiko yana so ya saya ya yanka fulotai, ya kuma faɗi kuɗin da ya sa kowa ya yi shiru. A cikin magada akwai mai ’ya’ya mata biyu da za a aurar, akwai wanda matarsa ke jinya, akwai gwaggonmu da ke son zuwa Makka kafin ƙafa ta gaza. Ba wanda a cikinsu zan iya duban idonsa in ce ya haƙura saboda tsuntsun da rabon a gan shi an fi shekara talatin.

Abin da na roƙa a zaman da muka yi shi ne a fitar mini da kasona ta gefen arewa, inda ciyawar ta fi kauri, kada a haɗa shi a cinikin. Ƙanena ya ce, “Yaya, me za ka shuka a wurin da ko gyaɗa ba ta yi?” Na ce masa ba abin da zan shuka. Gwaggo ta dube ni ta ce, “Kai dai halin Baffanka ka ɗauko.” ’Yan’uwana biyu sun ce za su yi tunani ko su bar nasu kason ya jingina da nawa, in har zan biya su wani abu duk shekara daga kuɗin gamba da na kiwo. Na san ko mun haɗa duka, filin bai isa ya dawo da tuje ba, tsuntsu ne mai son ya duba gabas da yamma bai ga hayaƙin gida ba. Amma ya isa fakara ta yi ƙwai, ya isa garke ɗaya ya kwana bai shiga gonar kowa ba, wataƙila ma ya isa kadafkara ta sauka wata damina. Na kuma je gun mai gari na tambaye shi ko za a iya rubuta wurin a matsayin hurumi, don kada ’ya’yana su wayi gari su yanka shi bayan raina. Ya ce in bari a gama girbi, a tara dattawa da wakilin Fulani, a ji bakin kowa.

Gero ya fara fitar da kai yanzu. Ɗan kasuwan ya sake aikowa shekaranjiya, ya ƙara kuɗi.